Firintata na ɓacewa daga netwok duk sanda aka tada janareto

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masana netwok a taimaka min, abin nan ya kai ni bango. Ina da shagon buga takardu da fotokofi a nan Kano, bakin ƙofar wata makaranta. Wata uku ke nan na sayi firinta HP LaserJet 'yar Kwatano, irin mai dn a ƙarshen lambarta, wato mai ƙofar kebul ɗin netwok, na jona ta da kebul domin kwamfutocina huɗu su riƙa tura mata aiki ba sai ana yawo da filasha ba. Makon farko lafiya lau. Daga nan ta fara nuna hali: yau ta buga, gobe kwamfuta ta rubuta min Offline, alhali ga ta nan a kunne tana kallona. Sai na goge ta daga kwamfutar na sake sakawa sannan ta yarda, bayan kwana biyu a koma gidan jiya. Ga shi lokacin furojek ne. Jiya ina ji ina gani ɗalibai uku suka kwashi aikinsu suka shige shagon maƙwabcina.

Ɗan Titin Beirut: Wa alaikumus salam Alhaji. Ai araha ba ta ado. Kawo ta mu karɓa ka yi ciko, akwai sababbi dal a kwali.

Baban Ummi: Oga ni ba kuɗi na ce muku ina da su ba. Kuma bugunta fes yake, in ta ga dama.

Shugaban Zaure: Ɗan Beirut, talla ranar Juma'a ake yi, ka sani.

Injiniya Ƙarami: Baban Ummi sannu da ƙoƙari. Kafin kowa ya ce komai, yanzu haka tana Offline ɗin?

Baban Ummi: Tun safe. An ɗauke wuta wajen tara, muka tada janareto, shi ke nan.

Injiniya Ƙarami: Madalla, to kada ka kashe ta, a haka nake son mu kama ta. Je gabanta, shiga wajen rahotanni ta maɓallanta, ka sa ta buga shafin saitin netwok. Wannan ba ya bukatar kwamfuta, da kanta take bugawa. Ka karanto min layin IP Address, da Subnet Mask, da Default Gateway, da kuma inda aka rubuta ta wace hanya ta samu adireshin.

Baban Ummi: Ga shi ya fito. Na farkon 169.254.37.112, na biyun 255.255.0.0, na ukun kuma sifiri ne zalla, 0.0.0.0. A ƙasa an rubuta Auto IP.

Injiniya Ƙarami: To ga ɓarawonka nan. Duk adireshin da ka ga ya fara da 169.254 ba wanda ya ba na'urar, ita ta raɗa wa kanta. Bari in ɗan warware maka, don in ka gane wannan ka gane rabin matsalolin netwok na shago.

Ka ɗauki rawutarka, akwatin nan da ke raba muku intanet, kamar sarkin kasuwa mai rabon rumfuna. Aikin rabon nan shi ake kira DHCP. Duk na'urar da ta tashi ba ta da lamba, sai ta yi shela ga kowa da ke kan netwok ɗin: akwai mai ba ni rumfa? Rawuta ta ce ga lamba kaza. Na'ura ta ce na karɓa. Rawuta ta ce na rubuta miki. Saƙo huɗu ke nan, cikin ƙiftawar ido an gama. Amma haya ce ba mallaka ba, tana da wa'adi, kuma idan rabin wa'adin ya cika na'urar kan koma ta nemi a sabunta mata. To idan ta yi shela ta yi shela ba wanda ya tanka, sai ta zaɓi lamba a cikin 169.254 ta zauna a kai. Kwamfutocinka suna wata unguwa, ita tana wata, kuma babu hanya tsakani. Shi ya sa Gateway ɗin ya zama sifiri.

Baba Mai Waya: Yaro ya faɗi daidai. Mu a zamaninmu tsofaffin katin Jetdirect, katin netwok na firintocin HP, in suka rasa mai ba su sai su faɗa kan 192.0.0.192, da ka ga lambar nan ka san ba ta ji daga kowa ba. Amma kafin a zargi rawuta a duba kebul. Baban Ummi leƙa bayan firintar inda kebul ya shiga, akwai 'yan fitilu biyu ƙanana. Suna ci?

Baban Ummi: Ranka ya daɗe ɗaya koriya tana tsaye, ɗayar ruwan lemo tana ƙyaftawa.

Baba Mai Waya: To kebul ya fita daga zargi, aƙalla na yanzu. Girgiza kansa kaɗan ka gani ko za su mutu. Kawunan nan da ake matsawa a kasuwa in 'yar ƙugiyar ta karye sai su riƙa zamewa.

Baban Ummi: Na girgiza, ba su mutu ba.

Injiniya Ƙarami: Yanzu kashe firintar kaɗai, ka bar rawuta a kunne. Ƙirga ashirin ka kunna, ka ba ta minti biyu, ka sake buga shafin.

Baban Ummi: Ikon Allah. Yanzu 192.168.0.104, Gateway 192.168.0.1, an rubuta DHCP. Amma fa na tura aiki daga kwamfuta har yanzu Offline take cewa.

Injiniya Ƙarami: Na san za a yi haka. Ciwo biyu ne ke damunka, ɗaya ya ɓoye a bayan ɗaya. A kwamfutar shiga Control Panel, Devices and Printers, danna dama a kan firintar, Printer properties, sannan Ports. Wace lamba ce a layin da aka yi wa alama?

Baban Ummi: 192.168.0.101. Kai, akwai ma wasu a jere a ƙasanta, 102, 103, 107, har da wata 101 mai ɗan ƙari a gaba.

Injiniya Ƙarami: Kaburburan tsofaffin adireshinta ke nan, kowace gogewa da sakawa da ka yi ta bar ɗaya. Ranar da ka saka ta a kwamfuta tana 101, kwamfuta ta rubuta 101 ta riƙe. Yau tana 104. Kwamfuta na ta ƙwanƙwasa ƙofar 101, mai yiwuwa wayar wani ce a ciki yanzu. Yawancin ƙananan rawutoci ba sa ajiye lissafin wa suka ba wace lamba in wuta ta yanke, da sun farka sai su fara rabo daga farko, wanda ya riga zuwa ya riga samu. Don ka ci kasuwar yau, danna Configure Port ka mayar da lambar 104. Amma wannan tsayar da jini ne kawai, ba magani ba.

Baban Ummi: Wallahi ta buga! Allah ya saka da alheri. To amma me ya sa da safe ba ta samu lambar ba sam, tunda rawutar na nan?

Baba Mai Waya: Tseren farkawa ne. Janareto ya tashi, komai ya kama lokaci guda. Firinta ta gama shiri tana neman lamba, ita kuwa rawuta tana can tana miƙa. Abin da ke ruɗa mutane shi ne ƙofofin rawuta kan kawo haske tun kafin ƙwaƙwalwarta ta gama tashi, sai firinta ta ga hanya a buɗe ta yi ta sallama gidan da mai shi ke barci. Wasu firintocin sukan ci gaba da tambaya lokaci zuwa lokaci har su dace, wasu tsofaffin kuma in sun zauna sun zauna sai an kashe an kunna. Maganinsa ɗaya ne, kuma shekara da shekaru shi nake yi: ka cire ta daga DHCP gaba ɗaya, ka rubuta mata lamba da hannu a jikinta. Firinta ba baƙuwa ba ce da za ta riƙa neman masauki kullum. 'Yar gida ce.

Injiniya Ƙarami: Baba da girmanku, a nan kam zan ɗan saɓa muku. Ni na fi son a bar ta a DHCP, a je cikin rawuta a keɓe mata lamba. Kowace na'ura tana da lambar haihuwa da ba ta canzawa, MAC, haruffa da lambobi 12, tana nan a shafin da ya buga. Sai a ce wa rawuta duk sanda mai wannan MAC ɗin ta zo, ba ta lamba kaza. Yawanci ana samunsa da sunan Address Reservation ko Static Lease. Amfaninsa komai na wuri ɗaya. Ranar da ya canza rawuta zuwa wadda ke rabon 192.168.8, kamar yawancin na Huawei, firinta za ta bi sabon tsarin da kanta. Mai lambar hannu kuwa za ta tsaya a 192.168.0 ita kaɗai kamar an yi tashin ƙauye an bar ta, kuma a lokacin ya manta ma ya taɓa saka mata wani abu.

Baba Mai Waya: Sau nawa ake canza rawuta a shekara, sau nawa ake ɗauke wuta a yini? Amsa min wannan tukuna. Keɓewar taka tana cikin rawuta, to rawutar ce fa ba ta farka ba. Wa zai ba ta lambar da ka keɓe?

Injiniya Ƙarami: Sai ya riƙa kunna firinta daga baya, ko ya sa wa rawuta ƙaramin UPS, batirin nan mai riƙe wuta in an ɗauke.

Baba Mai Waya: Yaron shago ne zai tuna da wannan, ɗalibai goma na tsaye a kansa kowa na cewa nawa za a fara? Kai dai ka yi karatu, amma ba ka zauna a shago ba.

Maman Sadiq: Baba ku yi haƙuri in sa baki, don lambar hannun nan ta taɓa wahalar da ni. Ni sakatariya ce a wata makaranta a Zariya. Wani mai gyara ya zo ya sa wa firintar ofis lambar hannu, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Sai muka lura da wani abin mamaki: firinta na aiki da sassafe, amma da mataimakin shugaban makaranta ya iso sai ta fara ruɗewa, aiki ya tsaya a rabi, wani lokaci ta ɓace ɗungurungum. Ranar da bai zo ba lafiya ƙalau. Har malamai suka fara tsokana a ɓoye wai firinta ba ta son ganinsa, wata ma ta ce a yi mata tofi. Sati uku muna haka a tsakiyar buga jarrabawa. Ashe lambar da mai gyaran ya sa tana cikin waɗanda rawuta ke rabawa, rawuta kuma ba ta san an ba wani ba, sai ta riƙa miƙa wa wayar bawan Allahn nan. Mutum biyu a rumfa ɗaya.

Ɗan Titin Beirut: Hajiya wallahi kin sa ni dariya. Da kun sallami mataimakin ai da an huta.

Baba Mai Waya: Hajiya wannan laifin mai gyara ne, ba laifin lambar hannu ba. Wanda ya san aikinsa yakan duba iyakar rabon rawuta tukuna, ya zaɓi lamba a wajenta. Baban Ummi, buɗe burauza ka rubuta 192.168.0.1, ka shiga, ka nemo shafin DHCP ka faɗa mana daga ina zuwa ina take rabawa.

Baban Ummi: Daga 192.168.0.100 zuwa 192.168.0.200. Wa'adi minti 1440.

Baba Mai Waya: Kwana ɗaya ke nan. To daga 2 zuwa 99 fili ne ba mai taɓawa. Ba ta 50 ka huta.

Baban Ummi: Ranka ya daɗe kada ku ji haushi, zan fara gwada ta Injiniya, don na ga wajen a nan gabana kuma tsoron taɓa maɓallan firintar nake. Na kwafe MAC ɗin daga takarda, na keɓe mata 192.168.0.104 ɗin da take kai. In ba ta yi ba in dawo taku.

Baba Mai Waya: Ba komai. Gobe ma rana ce.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Tunda ana zancen, ni ma ina da irinta. Tawa ƙarama ce ta wayfay, ba ni da rawuta, da wayata nake raba intanet ga firinta da kwamfuta. Kullum na kunna lambarta daban. Kuma da na sake waya ma firintar ta ƙi ganin wayfay ɗin sam.

Injiniya Ƙarami: Wa alaikumus salam. Rashin ganin, duba ko sabuwar wayar tana watsawa a 5GHz, ka mayar da ita 2.4GHz, ƙananan firintoci da yawa shi kaɗai suke ji. Canjin lamba kuwa, waya ba ta da wajen keɓewa irin na rawuta. Da can wayoyin Android a 192.168.43 suke rabo, sababbin kuma suna iya canza unguwar gaba ɗaya, don haka ko lambar hannu ba ta da tabbas a nan. In iPhone ce tana rabo a 172.20.10. Shawarata, tunda kwamfuta ɗaya ce, sa kebul na USB ka huta.

Ɗan Maraɗi: Na gode ɗan'uwa. USB ɗin na nan a kwali ban taɓa kwance shi ba.

Baban Ummi: Jama'a barkanmu da safiya. An koma ruwa. An ɗauke wuta, mun tada janareto, na bi shawarar Injiniya na bar firinta sai da rawuta ta yi minti biyar sannan na kunna. Offline. Na buga shafin, ga abin da ya fito: 192.168.1.100, Gateway 192.168.1.1, kuma an rubuta DHCP. Ni ban san daga ina ta samo wannan 1 ɗin ba, jiya 0 ne.

Injiniya Ƙarami: Tsaya. Ka tabbata 192.168.1 ne, ba idonka ba ne?

Baban Ummi: Har gilashi na sa.

Injiniya Ƙarami: To akwai sarkin kasuwa na biyu a shagonka. Rawutarka ba ta da ikon ba da wannan lambar, iyakarta 0.100 zuwa 0.200. Wani ne ya amsa shelar firinta kafin ita. Bi kebul ɗin firintar da hannunka tun daga bayanta har inda ya ƙare. Kai tsaye rawuta ya shiga?

Baban Ummi: A'a, ya shiga wani ƙaramin akwati fari a ƙarƙashin teburin fotokofi, ƙura duk ta rufe shi. Ƙanena ne ya sa shi lokacin da ƙofofin rawuta suka kasa, ya ce suwic ne, na ƙara ƙofofi kawai. Kwamfuta biyu ma a nan suke, sai wani kebul da ya tafi babbar rawuta.

Baba Mai Waya: Yana da eriya?

Baban Ummi: Biyu, an kwantar da su. A baya ƙofa huɗu ruwan ɗorawa, ɗaya shuɗiya ba komai a cikinta.

Baba Mai Waya: Suwic ba ya da ƙaho. Tsohuwar rawuta ce ƙaninka ya mayar suwic. Dabarar ba laifi ba ce, ni ma ina yi, kuma ya yi daidai da ya bar shuɗiyar ƙofar. Abin da ya manta shi ne ya rufe mata baki. Har yanzu tana ganin ita ce mai gida, duk wanda ya yi shela sai ta miƙa masa lamba daga tsohon littafinta.

Injiniya Ƙarami: Kuma na'ura yawanci tayin da ya fara iso mata take karɓa, ba ta tambayar wa ya fi cancanta. Firinta a jikin tsohuwar take, ita ce kusa. Keɓewar da muka yi jiya tana can a babbar rawuta ba wanda ya tambaye ta. Wannan kam ban hango shi ba, da tun jiya na ce a bi kebul.

Baban Ummi: To me ya sa kwamfutocin ba su kamu ba?

Injiniya Ƙarami: Ka tabbata ba su kamu ba? Kwamfuta in ta tashi takan fara neman a mayar mata da lambar da take da ita jiya, shi ya sa ta fi tsira. Amma ba kullum ba. Ba ka taɓa ganin ɗaya ta rasa intanet alhali sauran na yi ba?

Baban Ummi: Innalillahi. Ta kusa da ƙofa! Sau nawa ina zagin kamfanin data a kanta, har kiransu na yi na yi musu faɗa. Ashe ɓarawon na ƙarƙashin tebur.

Maman Sadiq: Sai ka kira su ka ba su haƙuri Malam.

Injiniya Ƙarami: Ga yadda za ka yi. Zare kebul ɗin da ya haɗa tsohuwar da babbar. Bar kwamfuta ɗaya a jikin tsohuwar, ka kashe ta ka kunna. Buɗe cmd, baƙin allon rubuta umarni na Windows, ka rubuta ipconfig, za ka ga Gateway 192.168.1.1. Rubuta shi a burauza.

Baban Ummi: Ta buɗe amma tana neman kalmar sirri. Na gwada wadda ke rubuce a ƙarƙashinta ta ƙi. Na kira ƙanen nawa, wai ba ya tunawa, wai ma a wajen abokinsa ya karɓo ta.

Baba Mai Waya: Akwai ɗan rami a baya an rubuta Reset. Sa tsinken ashana ko fil ka danne kamar daƙiƙa 10 tana kunne, har fitilun su yi ƙyafta tare. Za ta koma yadda ta fito daga kamfani, kalmar da ke ƙarƙashinta za ta yi aiki. Amma ka kula, tsohuwar nake nufi. Kada ka je ka danne babbar ka zo kana mana kuka.

Baban Ummi: Na shiga.

Injiniya Ƙarami: Abu biyu, kuma a jere. Fara canza adireshinta na LAN, wato na cikin gida, zuwa 192.168.0.2, don gobe ka iya shiga cikinta daga kowace kwamfuta ba sai ka zare komai ba. Za ta sake tashi, sai ka shiga ta sabuwar lambar, in ta ƙi ka kashe kwamfutar ka kunna. Sannan ka je DHCP ka kashe shi, ka adana. In ka fara kashe DHCP kafin canza lambar za ka iya rufe kanka a waje. Wayfay ɗinta ma bayan Reset yakan dawo da saitin kamfani, ka kashe shi ko ka sa masa kalmar sirri mai ƙarfi, kada ɗalibai su shanye maka data. Bayan nan mayar da kebul ɗin babbar a ɗaya daga ƙofofi huɗun nan, ba shuɗiyar ba.

Baba Mai Waya: Ka kuma samu takarda ka rubuta "DHCP a kashe yake, kada a danna Reset", ka manna a jikinta da salatif. Duk ranar da wani ya danna, bakin nan zai sake buɗewa.

Baban Ummi: An gama duka. Na kashe firinta na kunna, ta dawo 192.168.0.104, kwamfuta uku sun buga. Amma zan faɗi gaskiya, da rana an sake ɗauke wuta, yaron ya tada janareto komai ya kama tare ina masallaci, na dawo na tarar da 169.254 ɗin nan.

Baba Mai Waya: Injiniya ina kake?

Injiniya Ƙarami: Ina nan Baba, na ji. A shagon da ake canza wuta sau biyar a yini kun fi ni gaskiya, ban da ta cewa. Amma ina nan kan bakana cewa a ofis mai inbata da na'urori talatin keɓewa ta fi, don ba wanda zai iya riƙe lambobin hannu talatin a ka.

Baba Mai Waya: A wannan ofishin ni ma haka zan yi. Baban Ummi ba sai ka taɓa maɓallan da kake tsoro ba. Kashe ta ka kunna ta samu 104, ka rubuta 192.168.0.104 a burauza, firintar na da shafinta a cikinta. Je Networking, mayar da ita Manual. Adireshi 192.168.0.50, Subnet Mask 255.255.255.0, Gateway 192.168.0.1. Da ka adana shafin zai ɓace maka, kada ka firgita, ta koma 50 ne. Sai ka bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya ka mayar da Port ɗinsu 50, ka share kaburburan nan.

Injiniya Ƙarami: Ka cire keɓewar 104 daga babbar rawuta tunda ba ta da amfani yanzu. Kuma ka rubuta 192.168.0.50 da maka a jikin firintar, saboda ranar canza rawuta da na faɗa. Tana nan zuwa.

Baban Ummi: Na yi. Da gangan na kashe janareto na sake tadawa sau biyu, komai tare, tana nan a 50 daram. Uku suna bugawa. Ta kusa da ƙofar ce dai har yanzu Offline, ko da yake na rubuta ping 192.168.0.50 kamar yadda na ga ana yi kuma tana amsawa.

Injiniya Ƙarami: In ping na amsawa hanya lafiya take, Windows ce ke gardama. Duba Ports ɗinta, in ka ga layin ya fara da WSD to ba ta lamba take bi ba, ƙara sabon Standard TCP/IP Port ka sa 50. In kuma tana kan 50 ɗin, shiga Configure Port, ka tabbata Raw ne da 9100, sannan ka cire alamar SNMP Status Enabled a ƙasa. Wani lokaci kwamfuta na tambayar lafiyar firinta ta wannan hanyar, in ba a amsa mata ba sai ta yanke hukuncin ta mutu.

Baban Ummi: SNMP ɗin ne. Ina cire alamar sai ga takardu na fitowa ba tsayawa, duk ayyukan da aka tura tun shekaranjiya suna jibge a layi. Kafin in kai ga soke su ta cinye min kusan rabin rim, har da furojek ɗin yarinyar da ta tafi shagon maƙwabcina, kwafi uku.

Maman Sadiq: Ajiye mata, za ta dawo gyaran babi na huɗu.

Ɗan Titin Beirut: Alhaji tunda an cinye rim, tona ma ta kusa ƙarewa. Shugaba yau Juma'a ce ko?

Shugaban Zaure: Alhamis ce.